Talotalon Kirsimeti a Hornchurch: Sa'o'in da Ke Tsakanin Obin da Firiji

A ranar Kirsimeti ta 2012, mutum 128 ne suka zauna cin abinci a Railway Hotel da ke Hornchurch, a gabashin Landan. Sunan otal ne da wurin, amma a zahiri mashaya ce irin ta Ingila wadda ake sayar da abinci a cikinta, ɗaya daga cikin sama da 1,500 da kamfanin Mitchells & Butlers na Birmingham ke gudanarwa. Kowane mutum ya biya fam 39.95, aka jero masa abinci kashi huɗu, babban cikinsu naman talotalo, kamar yadda aka saba a ƙasar a wannan rana. Bayan an watse, mutum 33 suka kwanta rashin lafiya. Wata mata mai shekara 46 da ta ci abincin ta rasu a asibiti ranar 27 ga Disamba.

Gwaji ya nuna ƙwayar cutar Clostridium perfringens ce. Dubagarin ƙaramar hukumar Havering suka shiga bincike, magana ta kai kotun Snaresbrook, kuma a watan Janairun 2015 aka yanke hukunci. An ci kamfanin tarar fam miliyan 1.5 saboda ya sayar wa jama'a abincin da ke da haɗari. An ɗaure kukun wata 12, manajar wurin kuma wata 18. Laifin da ya kai su biyun gidan yari shi ne karkatar da shari'a: sun cike rajistar kicin da lokuta da ma'aunan zafi na ƙarya game da yadda aka dafa naman da yadda aka sanyaya shi, don dubagari su tarar da takardu a kammale.

Abin da masu gabatar da ƙara suka shaida wa kotu a kan naman gajere ne. An dafa shi tun jajibiri, ba a sanyaya shi yadda ya kamata ba, washegari kuma ba a ɗumama shi yadda ya kamata ba. Babu gurɓataccen ruwa a labarin, babu ɓera, babu naman da ya ruɓe tun daga kasuwa. Nama ne mai kyau da aka bari ya daɗe da ɗumi. Shi ya sa lamarin ya cancanci a yi masa duban tsanaki, domin duk kicin ɗin da ke dafa abinci mai yawa yau don a ci gobe yana bi ta wannan hanyar kullum.

Ƙwayar da wuta ba ta gamawa da ita

Clostridium perfringens tana cikin ƙasa, tana cikin hanjin dabbobi da na mutane, don haka samunta a jikin ɗanyen nama ba abin mamaki ba ne. Tun 1953 masaniyar ƙwayoyin cuta Betty Hobbs da abokan aikinta a Landan suka bayyana ta a matsayin mai haddasa gubar abinci, lokacin ana kiranta Clostridium welchii. Ba baƙuwa ba ce ga masu dafa abinci a Ingila, kuma duk wanda ya yi kwas ɗin tsaftar abinci a can ya ji sunanta.

Abin da ya bambanta ta da sauran ƙwayoyin cuta irin su Salmonella shi ne tana iya naɗe kanta cikin wani ƙwanso mai tauri ta yi likimo. Zafin girki yana kashe ƙwayoyin da ke raye suna hayayyafa, amma waɗannan masu ƙwanson sukan tsira. Har ma girkin yakan yi musu hidima uku. Yana kashe sauran ƙwayoyin da za su yi gogayya da su wajen abinci. Yana korar iskar oksijin daga cikin nama da romo, ita kuwa wannan ƙwaya a inda babu oksijin take walawa. Sannan zafin kansa yana zaburar da ƙwanson ya fashe. To da zarar an sauke nama ya fara hucewa, ya sauko ƙasa da digiri 50 ko kusa da haka a ma'aunin Salsiyos, sai ƙwayar ta farka ta tarar da fili nata ita kaɗai.

Saurinta ne abin tsoro. Tsakanin digiri 43 zuwa 47, adadinta na iya ninkawa cikin ƙasa da minti goma. A yi lissafi da minti goman: ƙwaya ɗaya ta zama 4,096 cikin awa biyu, ta haura 260,000 cikin awa uku, ta wuce miliyan 16 cikin awa huɗu. Wannan lissafin yanayi mafi dacewa da ita ne, kuma a cikin nama na gaske takan ɗan ɗauki lokaci kafin ta kankama. Amma tsakiyar babban ƙullin naman talotalo da aka ajiye a kan tebur yana hucewa a hankali bai yi nisa da wannan yanayin ba. Kuma ba daga ƙwaya ɗaya ake farawa ba.

Naman ba ya wari. Ba ya yauƙi, ɗanɗanonsa ba ya canzawa. Kuku mai shekara ashirin a bakin aiki zai shinshina, ya ɗanɗana, ya ce lafiya lau, kuma da gaskiyarsa, domin hanci da harshe ba su da abin da za su kama. Sai an haɗiye ƙwayoyin da yawan gaske, sun isa hanji, sannan su saki guba a can. Bayan awa 6 zuwa 24 sai murɗar ciki da gudawa, yawanci ba amai ba zazzaɓi, kuma galibin mutane sukan miƙe cikin kwana ɗaya. Wannan sauƙin nata ne ya sa ake raina ta. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan ɗaya ke kamuwa da ita duk shekara a ƙasar, akasarinsu ba sa zuwa ko asibiti. Mutuwa daga gare ta ba kasafai ba ce, amma tana faruwa, kuma a Hornchurch ta faru.

Akwai wani abu da ya kamata a lura da shi a nan. Tun da a cikin hanji ake samar da gubar, ɗumama nama sosai kafin a raba shi yana kashe ƙwayoyin da suka yaɗu lokacin hucewa. A Ingila ma'aunin da aka saba bi shi ne tsakiyar abinci ta kai digiri 70 na minti biyu, ko 75 na daƙiƙa 30, a Sikotlan kuwa doka ta ce abincin da aka ɗumama ya kai 82. Ke nan shinge biyu ne aka gitta wa wannan ƙwaya, sanyayawa da ɗumamawa, kuma sai an tsallake duka biyun kafin mutum 33 su kwanta. Kada dai wani ya ɗauki wannan a matsayin lasisin sakaci da na farkon. Wasu ƙwayoyin cutar, irin su Bacillus cereus da Staphylococcus aureus, suna zuba tasu gubar a cikin abincin ne tun yana ajiye, kuma wannan gubar ba ta jin wuta. Abincin da aka bari ya kwana da ɗumi, ɗumamawa ba ta wanke shi daga kowane haɗari.

Abin da firiji zai iya da wanda ba zai iya ba

Dokar Ingila a kan zafin abinci ba ta da sarƙaƙiya. Abincin da ke buƙatar sanyi a ajiye shi a digiri 8 ko ƙasa da haka, hukumar FSA mai kula da ingancin abinci kuma tana ba da shawarar a saita firiji a 5 ko ƙasa don a sami rata. Abincin da ake ajiyewa da zafi ya tsaya a 63 ko sama. Tsakanin 8 da 63 shi ne yankin haɗari. Game da sanyayawa kuwa, dokar Tarayyar Turai mai lamba 852/2004, wadda ke aiki a Birtaniya a lokacin, cewa kawai ta yi a sanyaya dafaffen abinci da iyakar gaggawar da za ta yiwu. Ba ta ƙayyade mintuna ba. Adadin da masu sana'ar ke riƙe da shi, minti 90, ya samo asali ne daga ƙa'idojin ma'aikatar lafiya ta ƙasar na 1989 a kan abincin da ake dafawa a sanyaya don a ci daga baya. Amurka ta fi fayyace nata: daga digiri 57 zuwa 21 cikin awa biyu, sannan zuwa 5 kafin awa shida ta cika gaba ɗaya. An matse zangon farko ne saboda a nan zafin da ƙwayar ta fi so yake.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure game da firiji. Firijin kicin, har da babban ɗakin sanyi da ake shiga ciki, an ƙera shi ne don ya riƙe abin da ya riga ya yi sanyi. Ba shi da ƙarfin zuƙe zafi daga kilo goma na naman da ya fito daga obin cikin awa ɗaya da rabi. In aka cusa masa, abu biyu ne ke faruwa: tsakiyar naman ta ci gaba da zama da ɗumi na sa'o'i, iskar firijin kuma ta ɗumama, madara da kirim da salak da ke gefe su ma su shiga yankin haɗari, tururi ya taru ya riƙa ɗiga a kansu. Kuku ya san wannan na biyun, shi ya sa yake cewa bari ya huce tukuna. Daga nan sai aiki ya ɗauke hankali, a tashi, a kulle kicin. Hanyoyin biyu duk wuri ɗaya suke kaiwa.

Matsalar ta kauri ce. Zafi daga tsakiya yake ratsowa zuwa baya, kuma in aka ninka kaurin nama sau biyu, lokacin hucewarsa kusan sau huɗu yake ninkuwa. Don haka waɗancan ƙa'idoji na 1989 suka ce ƙullin nama kada ya wuce kilo 2.5, abincin da aka zuba a tire kuma kada zurfinsa ya wuce santimita biyar. Maganin ba shi da tsada: a yanka naman ƙanana tun da zafinsa, a baza a tire marar zurfi, a raba romo a ƙananan mazubai a tsoma su cikin ruwan ƙanƙara ana juyawa, kada a rufe ruf har sai tururi ya fita. Kicin mai hali yakan sayi na'urar sanyayawa ta gaggawa, wadda ke hura iska mai tsananin sanyi da ƙarfi a kan abinci. Ita ma in aka cika ta fiye da kima, ko aka saka mata talotalo sukutum, ba za ta cika alkawarin minti 90 ba.

Sannan lambar da ke haskawa a ƙofar firiji zafin iskar ciki take nunawa. Firiji na iya nuna digiri 3, ya kuma faɗi gaskiya, alhali tsakiyar naman da ke cikinsa tana 35. Babu hanyar sanin wannan sai an soka ma'aunin zafi mai tsinke har tsakiya, a wuri mafi kauri. Shi kansa ma'aunin sai an riƙa gwada shi, a ruwan ƙanƙara ya nuna tsakanin -1 da 1, a tafasasshen ruwa tsakanin 99 da 101. A ganina, kicin da yake rubuta zafin firijinsa safe da yamma ba fashi, amma ba ya auna abin da ya dafa yayin da yake hucewa, ya tsare ƙofar da ba ta nan ɓarawon ke shigowa ba.

Ranar biki kuma tana ƙara dagula komai. Kicin ɗin da ya saba fitar da faranti ɗaya bayan ɗaya gwargwadon oda, rana ɗaya sai a ce ya ciyar da mutum sama da ɗari abinci iri ɗaya kusan a lokaci guda. Obin ɗin bai ƙaru ba, firijin bai ƙaru ba, ma'aikata a gajiye suke. Dole a dafa tun jiya. Wannan shawara ta dafawa tun jiya ita ce ta sauya nau'in aikin baki ɗaya, daga a dafa a raba zuwa a dafa a sanyaya a ajiye a ɗumama, kuma tambayar da ya kamata a yi makonni kafin a fara karɓar kuɗin mutane ita ce: kilo nawa za mu dafa, kuma kilo nawa kayan aikinmu za su iya sanyayawa a kan lokaci? In amsar ta biyu ba ta kai ta farko ba, sai a rage baƙi, ko a dafa kashi-kashi, ko a sayo naman da aka riga aka dafa aka sanyaya a masana'anta.

Rajistar

Tun 1 ga Janairun 2006 doka ta wajabta wa kowane mai sana'ar abinci a Ingila ya kasance da rubutaccen tsari bisa ƙa'idojin HACCP, wato a gano matakan da haɗari ke iya shiga, a sa musu iyaka, a riƙa aunawa, a rubuta. Tsarin ya faro ne a Amurka a shekarun 1960, lokacin da kamfanin Pillsbury da hukumar NASA ke neman tabbacin abincin 'yan sama jannati ba zai sa su rashin lafiya ba. Hikimarsa ita ce ba a jira sai an gwada abincin da aka gama, domin kafin sakamakon gwaji ya fito an riga an cinye. Aikin ake sa wa ido yana gudana.

To rajistar sanyaya abinci amfaninta na farko ga kukun kansa ne, a daren da yake aikin. Ya sauke nama ƙarfe huɗu, ya rubuta. Ƙarfe biyar da rabi ya soka ma'auni ya ga 38. Yanzu ya san abin da hancinsa ba zai taɓa gaya masa ba, kuma yana da sauran zaɓi: ya yayyanka, ya baza, ko in lokaci ya ƙure ya zubar. Layin da ke cikin rajistar shi ne ke tilasta masa ya ɗauki ma'aunin a daidai lokacin da ya fi son ya wuce gida. In aka bar layin fayau da niyyar a cike daga baya, abin da aka rasa aunawar ce kanta, kuma ba ta dawowa.

Abin da kukun da manajar suka yi bayan labarin rashin lafiya ya fara iso musu ana iya fahimtar dalilinsa ba tare da an ba su uzuri ba. Rajista marar rubutu laifi ce a idon dubagari, kuma laifi ce a idon kamfani. Sai suka yi gudun gara suka faɗa gidan zago. Gazawa wajen adana bayanai abu ne da aka saba magancewa da gargaɗi, ko takardar umarnin gyara, ko tara. Ƙirƙirar shaida don a ɓatar da masu bincike kuwa, bayan mutane sun kwanta, babban laifi ne a dokar Ingila da kusan kullum ɗauri ke biyo bayansa. Kuma illarsa ta wuce kansu. Masu binciken ɓarkewar cuta da rajista suke gane wane abinci ne, an dafa nawa, akwai saura ko babu, wa kuma ya ci. Takardar ƙarya tana tura su inda ba nan ba ne a lokacin da kowace awa ke da daraja.

Rajistar bogi ba ta da wuyar ganewa ga wanda ya saba. Biro ɗaya, rubutun hannu ɗaya na mako guda har da ranar hutun mai rubutun. Takarda fes, babu ɗigon mai, babu lanƙwasa, a kicin. Lambobi iri ɗaya suna maimaituwa, 75 a gurbin dafawa da 4 a gurbin sanyi, 75 da 4. Mafi bayyana duka shi ne rashin ko da rana ɗaya da abu ya kuskure. Kicin na gaske firijinsa yakan haura wata rana saboda an bar ƙofa a buɗe, romonsa yakan ƙi hucewa a kan lokaci, kuma rajista ta gaskiya za ta nuna haka tare da abin da aka yi a kai. Shugabannin da ke ziyartar reshe su duba ko an cike kowane gurbi, su yaba wa wanda takardarsa ba ta da tabo, su tuhumi wanda ya rubuta 11 a inda ake son 5, su ne da kansu ke koya wa ma'aikata rubuta abin da ake son gani.

Wannan ne ya kawo mu ga tarar kamfanin. Dokar abinci ta Ingila, tun daga ta 1990, ta ba wanda ake tuhuma kariya in ya iya nuna ya ɗauki duk matakan da hankali zai ɗauka, ya kuma yi iyakar bin diddigi don kauce wa laifin. Kamfani mai rassa sama da 1,500 ba ya rasa littafin ƙa'idoji da kwasa-kwasan horo da masu zagayen dubawa. Duk da haka an same shi da laifi. Abin da na fahimta daga nan shi ne, ƙa'idar da ke hedikwata ba ta zama kariya sai an nuna tana aiki a kicin ɗin da abin ya faru, a ranar da ya faru, kuma akwai wanda ke tabbatar da haka da idonsa, ba da ganin takarda kawai ba.

Wasu za su ce na'ura ta magance wannan, tun da yanzu akwai ma'aunan da ke liƙe a firiji suna aika bayani ta intanet dare da rana, su buga ƙararrawa a wayar manaja in zafi ya hau. Suna da amfani ƙwarai, musamman ga firijin da ya mutu cikin dare, kuma ba a iya cike bayanansu daga baya. Sai dai yawancinsu iskar firiji suke aunawa. Naman da ke kan tebur yana jiran ya huce ba ya cikin lissafinsu, sai in wani ya soka masa tsinken ma'auni mai ajiye bayani da hannunsa.

Lamarin bai tsaya ga Ingila ba. A watan Yulin 2018 kimanin mutum 647 suka ba da rahoton rashin lafiya bayan cin abinci a wani reshen kamfanin gidajen abinci na Chipotle a garin Powell na jihar Ohio ta Amurka, ƙwayar kuma ita ce dai Clostridium perfringens, kuma jami'an lafiya na yankin sun sami saɓa ƙa'idar lokaci da zafi a kan wake da latas. A Afrilun 2020 kamfanin ya amince ya biya tarar dala miliyan 25 a kan wannan da wasu ɓarkewar cututtuka a rassansa tsakanin 2015 da 2018.

A Ingila kuwa, tarar fam miliyan 1.5 ta ja hankali a 2015 saboda ba a saba ganin irinta a shari'ar tsaftar abinci ba, ko da yake cinikin Mitchells & Butlers na shekara ya kusa fam biliyan biyu a lokacin. Shekara guda bayan hukuncin, ranar 1 ga Fabrairun 2016, sabbin ƙa'idojin yanke hukunci kan laifukan tsaftar abinci da kare lafiyar ma'aikata suka fara aiki a Ingila da Wales. Sun umarci alƙalai su auna girman sakaci da girman cutarwa, har da cutarwar da aka jefa mutane cikin haɗarinta ko da ba ta auku ba, sannan su ɗaura tara a kan yawan cinikin kamfani, inda duk mai cinikin fam miliyan 50 ko fiye a shekara ke shiga sahun manya.